Daga Dubeli Zuwa Bayan Ganye a Kan Keken Bappa

Sai da na wuce Ngurore na karya kwana na hau hanyar Mayo Belwa sannan na fara zargin kaina da rashin hankali. Kafin nan waƙa ma nake yi. Rana ba ta yi zafi ba tukuna, hanya a shimfiɗe take, dawa ta dama da ta hagu duk ta fi ni tsawo, keken Bappa Sa'adu kuma yana ta gudu kamar ya san inda za mu.

Aiki ne ya ɗora ni a kan keken nan. Shekarata biyu da gama makarantar horon malamai ina zaune a Dubeli, ina taya Dada, mahaifiyata, tsaron teburinta na kayan miya, har 'yan layinmu suka daina ce mini Malam Hamidu suka koma Hamidu mai tattasai. Ran nan, wata Laraba, sai ga takarda: an ɗauke ni koyarwa a wata firamare a wani ƙauye can bayan Ganye. A ƙasan takardar hedimasta ya ƙara da hannunsa, da jan biro, cewa duk wanda bai bayyana ba ranar Litinin kafin ƙararrawar safe, za a ba wani gurbinsa.

Shekarar kuwa ana wahalar mai. Na yini ranar Alhamis a tasha, motocin Ganye a jere, direbobi sun shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsu suna barci. Wanda na tasa na tambaye shi yaushe za a tashi, ya ce in je in tambayi gidan mai. Da yamma Bappa Sa'adu, ƙanin mahaifina da ke cikin garin Yola, ya ce shi a zamaninsu da keke yake zuwa Ganye sayen doya, ya je ya dawo ko gumi bai yi ba. Sai daga baya na ji cewa sau ɗaya ya taɓa gwadawa, kuma a bayan babbar mota aka dawo da shi, shi da keken.

Baƙin keke ne irin na da, mai birkin ƙarfe, mai nauyi kamar ɗan maraƙi. A kariya, mazaunin kaya na bayan keken, na ɗaure akwatin ƙarfe da tabarma da buta. Ni kuwa duk tafiyar da na taɓa yi a keke ba ta wuce daga Dubeli zuwa kasuwar Jimeta ba.

Da hantsi ya ɗaga na hango wani dogon mutum a gindin tsamiya, da farar riga da lema, ya ajiye ƙullin gishiri a gabansa. Ya ɗaga mini hannu na tsaya. Ya gaishe ni da Fulatanci, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da na ce keken na Bappa Sa'adu ne, ya ce ai Sa'adu abokinsa ne, tare suka tashi. Ban lura ba a lokacin cewa ni na fara faɗa masa sunan. Ya ce shi sunansa Buba, kuma abin tausayi ne yaron kirki kamata ya bi kwalta har Mayo Belwa alhali ga yanke nan da ke rage rabin tafiyar. In zan ɗauke shi, zai nuna mini.

Muka kwance akwatin, ya hau kariya ya rungume shi a cinya, gishirin muka rataya a ƙahon keke. Ya buɗe lemarsa a kansa shi kaɗai. Muka sauka daga kwalta muka bi wani burtali tsakanin gonaki. Duk lokacin da iska ta taso sai lemar ta cika ta ja mu baya. Inda rairayi ya yi yawa na sauka ina turawa, shi kuwa ya ce gwiwarsa ba ta son tafiyar ƙasa, don haka na tura keken da shi a kai. Yana ta ba ni labarin kirkin mutanen Yola, ina jin yana tauna wani abu, na ɗauka goro ne.

Rana ta take tsaka muka isa wasu 'yan bukkoki da garken shanu. Buba ya diro daga keken kamar saurayi, ya miƙo mini akwatina, ya kwance gishirinsa. Na tambaye shi ta ina hanyar Mayo Belwa ta ci gaba daga nan. Ya nuna mini inda muka fito da kan lemarsa, ya ce in koma in hau kwalta in miƙe, ba zan ɓata ba.

Na ce, "To yanken fa, Kawu?"

Ya ce, "Ai shi ne muka biyo. Ni da ƙafa sai la'asar nake isowa gida."

Ya sa aka kawo mini ruwa a ƙwarya, ya yi mini addu'ar samun ɗalibai masu jin magana, ya shige. A hanyar komawa yunwa ta kama ni, na buɗe akwatin don in ci dakuwar da Dada ta ƙulle mini. Ledar na tarar, an ninke ta da kyau an mayar da ita inda take.

Juma'a ta wuce ni a cikin burtali. Ana kiran magariba na shiga Mayo Belwa ina tura keken, na kwana a barandar wani masallaci.

Da gari ya waye na je wurin mai shayi. Ya nuna mini benci, na gwada zama, na miƙe da sauri na ce na fi son shan shayi a tsaye. Wani dattijo a ƙarshen bencin ya sauke kofinsa yana kallona. Gajeren wando ne a jikinsa da takalmin kambas da hular hana sallah, ƙwaurinsa kamar an sassaƙa da itace. A jikin bishiya kusa da shi an jingina wani siririn keke mai giya, ba komai a kansa sai 'yar jaka da famfo.

Ya tambaye ni ina za ni da wannan kaya. Na gaya masa, har da labarin Buba, mai shayi ya yi dariya har ya zubar da madara. Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce sunansa Yohanna, tsohon malamin asibiti ne, ya yi ritaya yana zaune a unguwar Shagari Low Cost a Yola. Ƙauyensu yana gab da Ganye, kuma duk shekara in sabuwar doya ta fito a keke yake zuwa gida, da mai ko babu mai. Matarsa ta gaji da hana shi, yanzu sai dai ta soya masa gyaɗa. Hausarsa irin ta mutanenmu na kudu ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

Ya zagaya kekena yana dubawa kamar an kawo masa majinyaci. Ya ce sirdin ya yi ƙasa, shi ya sa gwiwoyina suke kuka. Ya ɗaga shi. Ya ɗiga wa sarƙar mai. Sannan ya ce in buɗe akwatin. Ya ciro babban ƙamus ya auna shi a hannu, ya ciro dutsen guga na gawayi, ya ciro turmin ƙarfe ƙarami da Dada ta cusa ban sani ba.

Ya ce, "Ticha, koyarwa za ka je yi, ko aure aka kai ka?"

Ya ba mai shayi ajiyar dutsen gugar da turmin, ƙamus ɗin kuwa na riƙe na ƙi saki. Ya ce to shi ke nan, ni zan hau tudu da shi. Daga nan, ba tare da ya tambayi ra'ayina ba, ya ce in bi bayansa.

Bayan Mayo Belwa ƙasar ta fara canjawa. Filin nan mai faɗi da na baro jiya ya soma tashi yana kwanciya. Ka hau tudu ka gangara, ka tarar da rafi da gada ƙarama, ka sake hawa. Damina ta kusa ƙarewa, ciyawa ta yi kore shar, can hagu duwatsu sun yi layi, shuɗi-shuɗi, kamar ba za a taɓa isa gare su ba. Baba Yohanna yana tafe a hankali, ƙafarsa ba ta sauri ba ta tsayawa. Ni kuwa in na ga tudu sai in tashi tsaye in yi ta dukan feda, in kai rabi numfashi ya ƙare. Ya ce in daina kallon ƙolin tudu, in kalli tayar gabana kawai. Ya hana ni jiran ƙishirwa kafin in sha ruwa. Duk sanda na tambaye shi ko Jada ta kusa, amsarsa ɗaya ce: bayan wancan tudun ne. Na ƙirga tudu bakwai a haka, sannan na daina tambaya.

Garuruwan hanyar ƙanana ne, kusan kamarsu ɗaya: mai faci a gindin ɗorawa, mai tuyar ƙosai, rumfar mai nama, awaki a tsakiyar titi. Amma ko'ina an san Baba. Ashe a keke ya yi shekaru yana zagaya ƙauyukan nan yana allurar rigakafi. Manyan mutane masu gemu suka riƙa naɗe hannun riga suna nuna masa tabon da ya bar musu. A wani gari mai naman yana hango shi ya bar tukubarsa ya shige bayan rumfa. Aka yi ta kiransa ana cewa Baba ya yi ritaya, ba ya yawo da allura, ya ce daga nan ma yana jin gaisuwar.

Da azahar muka tsaya inda wasu matan Fulani suke sayar da nono a gindin bishiya. Na sauka daga keken na nufo su, ƙafafuna a wawware kamar agwagwa. Babbar cikinsu ta dube ni, ta yi ƙoƙarin daurewa, ta kasa, sai da ta ajiye ludayi ta riƙe ciki. Bayan ta dama mana fura ta ɗebo man shanu a ganye ta miƙo mini. Na ce ban saya ba. Ta ce kyauta ce, kuma ba na ci ba ne. Ta yi mini bayanin inda zan shafa da Fulatanci, dalla-dalla, da murya yadda duk sauran matan za su ji. Na yi kamar ban iya Fulatanci ba. Sai Baba Yohanna ya fassara mini da Hausa, shi ma da ƙarfi. Na karɓa na zaga bayan wani kurmi. Ban yi mata godiyar kirki ba saboda kunya, abin da nake nadama har yau, don ban ga maganin da ya kai wannan ba.

Kafin Jada akwai wata doguwar gangara. Baba ya ce in riƙe birki tun daga sama. Na riƙe. Muna cikin sauka na ji wani abu ya yi tsalle ya wuce ta gefen kunnena, ashe robar birkin baya ce. Na matse na gaba, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Keken Bappa, da akwati da ƙamus, ya ɗauki gudun da bai taɓa yi ba tun da aka ƙera shi. Na wuce Baba ina salati. Na ji yana kira daga baya cewa kada in sa ƙafa a ƙasa. A gindin gangarar hanya ta yi kwana, ni ban yi ba. Na ratsa wata gonar gyaɗa na faɗa cikin tarin harawa, keken a kaina.

Mai gonar yana tsaye da fartanya. Ya jira har na fito da kaina daga cikin harawar, sannan ya yi mini sannu da zuwa, ya tambaye ni ko daga nesa nake. Baba ya iso ya lallatsa haƙarƙarina da wuyan hannuna, ya ce ban karye ba. Ya roƙi mai gonar wani tsohon silifas da ke yashe a bakin kunya, ya yanka shi da wuƙa ya yi mini sababbin robobin birki. Sun fi na asalin kamawa, sai dai duk sanda na matsa sai su yi kuka kamar ɗan akuya.

A Jada muka sauka a gidan wani abokin aikin Baba na da. Da yamma matar gidan ta kawo tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa da busasshen kifi. Ƙamshin ya doke ni, sai na ga Dada a tsugune gaban murhu a Dubeli, na ji hayaniyar layinmu, masu babur da masu tallan ruwa da rediyon maƙwabcinmu da ba ya mutuwa. Kwana biyu kacal da barin gida, amma ji na yi kamar an shekara. Kafin in ankara hawaye na ɗiga a cikin kwano. Na ce barkono ne ya yi yawa. Matar ta ce ita ba ta sa barkono a miya, maigidanta yana da gyambon ciki. Sai ta ƙaro mini kifi.

Bayan mun wanke hannu na samu Baba a tsakar gida yana goge sarƙar kekensa. Na ce masa ni gobe gida zan koma. Ban ga aikin da ya cancanci wannan azaba ba, tattasai ma sana'a ce. Bai ɗago ba. Ya ce lokacin da aka fara tura shi aiki a kan dutse, da ƙafa ya je, ya yi kuka a hanya fiye da nawa, kuma shi ba wanda ya ƙara masa kifi.

Sannan ya ce, "In kana so ka koma, ka koma, hanya yana nan. Amma baya ya fi gaba nisa yanzu. Kuma mamanka ya riga ya gaya wa mutane ɗansa ya zama ticha."

Gaskiya ne. Tun ranar Laraba Dada ta zagaya layinmu gida-gida da takardar a hannu, ita da ba ta iya karanta ta ba. Ban sake tayar da maganar ba.

Ranar Lahadi muka fita da sassafe, na yi murna za mu ci nisa kafin rana. Hantsi bai gama ɗagawa ba Baba ya tsaya a wani ƙauye gaban wata ƙaramar majami'a mai rufin kwano, ya ciro dogon wando daga jakarsa ya ɗora a kan gajeren, ya ce in jira shi, ba za a daɗe ba. Na zauna a gindin mangwaro, a gefe ɗaya na jikina. Aka yi waƙa, aka yi wa'azi, aka sake waƙa. Na ji an yi shiru na miƙe na kama keke, sai na ji muryar Baba da kansa, ashe an ba shi dama ya gai da jama'a, shi kuwa ya ɗauko tarihin rigakafi tun daga farko. Inuwar mangwaron ta bar ni ta koma wani gefe. Na yi ta lissafin tudun da da yanzu mun wuce, raina yana ɓaci.

Da aka tashi sai ga mata uku sun nufo ni da kwanuka. Babbarsu ta ce Baba ya sanar a ciki cewa akwai baƙo Musulmi a waje, sabon ticha, da bai ci abin kirki ba. Ta ce in ci hankalina kwance, maƙwabcinsu Malam Adamu suka kira ya yanka kazar. Ga doya sabuwa, fara tas, tana tururi. Suka tsaya a kaina sai da na cinye, ɗaya tana cewa yaranta ma ba su da malamin lissafi, ko zan tsaya a nan. Fushin da na tara tun safe na neme shi na rasa.

Daga nan tudun suka ƙara tsayi, duwatsu suka matso kusa ta dama. Hadari ya haɗu, ruwa ya sauko mana a fili inda ba ko bukka. Baba ya ce ruwa ba ya cizo, muka ci gaba. Wani rafi ya cika ya hau kan hanya, muka ɗauki kekunan a kafaɗa, ni sai da na yi sawu biyu saboda akwati. Amma a ranar ne na fara jin abin da ke sa tsohon nan yin wannan tafiya duk shekara. Bayan ruwan ya ɗauke muka hau wani tudu, ban sauka na tura ba, karo na farko. Daga sama na ga gonakin rake da na doya sun bazu har gindin duwatsu, hayaƙi yana tashi daga ƙauyuka, hanya tana sheƙi tana lanƙwasa a tsakaninsu. Na tsaya ina haki ina kallo. Baba ya ce kada in saba, kallo ba ya rage nisa.

La'asar ta yi sanyi muka iso wata mararraba inda wata 'yar hanya ta ratse zuwa ƙauyensu. Ya tsaya ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya kwatanta mini masallacin da zan kwana a Ganye da hanyar da zan bi da safe. Na fara jero godiya, ya katse ni ya ce in riƙa ɗiga wa sarƙa mai, kuma in na samu hutu in neme shi a Shagari Low Cost, kowa ya san gidan mai keke. Ya juya ya bi 'yar hanyarsa, ƙafarsa tana juyawa a hankali yadda ta saba, har rake ya rufe shi. Sai da ya ɓace na tuna famfo da kayan faci duk nasa ne.

Ranar Litinin ina idar da sallar asuba na bar Ganye. Na sa farar rigata tun daga masallaci don kada in ɓata lokaci. Hanyar ƙauyen ta ƙasa ce, ruwan jiya ya jiƙa ta. Na yi nisa, har na fara shirya gaisuwar da zan yi wa hedimasta da Turanci, sai tayar baya ta yi tsaki ta kwanta. Ƙaya ce, doguwa kamar allurar Baba. Ba gari a kusa, ba mai faci. Rana ta fito sosai.

Wata tsohuwa da za ta gona da kwando a ka ta tsaya tana kallona ina kallon tayar. Ba ta jin Hausa sosai, ni kuma ba na jin yarensu. Ta sauke kwandon, ta nuna mini in ɓalle tayar, ta shiga yankar ciyawa da laujenta tana miƙo mini tana nuna in cusa. Muka cusa, muka danna da itace, muka ƙara cusawa har tayar ta yi ƙiba. Na mayar da ita na hau. Tafiya dai ana yi, amma kowane juyi sai keken ya ɗaga ni ya buga, a daidai inda man shanu ya fara gyarawa. Na waiwaya in yi godiya, ta riga ta ɗauki kwandonta tana kora ni da hannu.

Ina tsakiyar hawan tudun ƙarshe na ji ƙararrawa. Na yar da keken a bakin hanya, na zari takardata, na ruga a guje. Na iso filin makarantar farar rigata ta koma ja, ciyawa a gashina. Ɗalibai suna kan layi. A gabansu mace ɗaya ce, mai ƙiba, da tabarau, tana dukan wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiya. Na ce mata, da sauran numfashin da ya rage mini, ni ne sabon malami, ina hedimasta, a gaya masa na iso kafin a gama bugawa.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce ita ce Madam Rifkatu, mataimakiyarsa. Hedimasta ya tafi Jimeta tun makon jiya don ya aika wa sababbin malamai takardunsu, kuma har yanzu bai samu motar dawowa ba. Cikin malamai huɗu da aka ɗauka ni kaɗai na zo. Ta tambaye ni da me na zo. Da na gaya mata, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta kai ni ofis na sa hannu a littafi, ta jawo mini kujera. Na ce na gode, na fi son tsayuwa. Ta ba ni aji uku a haɗe da guntun alli ɗaya, ta ce shi ke nan ya rage a makarantar, in yi tattalinsa.

A tsaye na koyar ranar, da washegari, da wanshekaren washegari. Labari ya bazu a ƙauyen cewa an kawo wani malami daga Yola mai ƙwazon da ko zama ba ya yi. Iyaye suka fara aiko mini da doya.

Ranar Alhamis hedimasta ya iso a kan buhunan taki a bayan wata babbar mota, ya yi baƙi ya rame. Da ya ji labarina ya riƙe hannuna ya daɗe yana girgizawa, ya ce irina ake nema a aikin gwamnati. Ya ce zai rubuta wa ofis game da ni. Sannan ya yi gyaran murya, ya ce akwai wata 'yar matsala: garin rububin hawa mota ya baro kwalin alli biyu a gidan ƙaninsa a Vinikilang, can gefen Jimeta.

Ya ce, "Tunda kana da keke, Malam Hamidu, kuma ka riga ka san hanya, in ka tashi gobe ai Laraba kana nan."

Na ce, "To, ranka ya daɗe. Bari in duba lafiyar keken."

Na zaga bayan ofis inda na jingina shi. An riga an yi masa faci tun ranar Talata, lafiyarsa ƙalau. Na tsuguna na ɓalle sarƙar, ina neman inda zan cusa ta, na ɗago sai ga Madam Rifkatu tsaye a kaina. Muka kalli juna. Ta buɗe jakarta, na zura sarƙar a ciki, ta rufe. Muka koma ofis tare, ta gaya wa hedimasta cewa keken nan ya mutu tun ranar da ya iso, a gabanta aka yi.

Da busasshen rogo muka yi rubutu a allo har ƙarshen zangon. Yana kamawa ba laifi, sai dai kullum aka tashi awakin ƙauyen sukan shigo su lashe darasin, iyakar inda wuyansu ya kai. Dole na koma rubutu a saman allo, ni da Madam, a kan benci.